Babi na Biyar: Man Fetur Nawa Ne a Cikin Buhun Masara?

Yawancin waɗanda suke cike fom ɗin JAMB su zaɓi fannin tattalin arziki, abin da ke ransu shi ne kasafin kuɗi da darajar naira da Babban Bankin Najeriya. Da yawansu ma sun kauce wa ajin kimiyya a sakandare ne don su rabu da lissafi, suka samu kiredit ɗin da ake nema a WAEC ko NECO da ƙyar da jiɓin goshi, suka ce an rabu ke nan. Sai a shiga jami'a, malami ya shigo, kafin a gama amsa sallamarsa ya cika allo da x da y da wasu haruffan Girka masu ƙafa da wutsiya. Littafin da galibi zai ce a nema na Alpha Chiang ne, wanda ya fara fitowa a 1967, kuma har gobe fotokwafinsa na yawo hannu da hannu a jami'o'inmu. Daga nan ne za ka ji ana tambayar juna a bakin ɗakin lacca: "Wai mu tattalin arziki muka zo karantawa ko injiniya?"

Tambayar tana da amsa, sai dai ba kasafai ake tsayawa a ba da ita ba, saboda manhaja tana da tsawo, zango kuma gajere ne. Za a bi ta kan aljabara, a shiga kalkulas, a koyi jadawalin lambobi da ake kira matiris, a taɓa lissafin zaɓen hanya mafi riba, sannan a ƙare da auna alaƙar abubuwa ta hanyar alƙaluman ƙididdiga. Ɗalibi ya haddace ƙa'ida, ya amayar ranar jarrabawa, ya tsallake ko ya ɗauki kariyoba. Abin da bai ji ba shi ne wace damuwa ce ta sa aka ƙirƙiro waɗannan kayan aiki tun asali.

Mu ɗauki damuwar da kowa ya ji a aljihunsa. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya zo ƙarshe. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma kusan 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa watan Yuli ta haura 600. A taƙaice ta ninka uku. To, nawa ya kamata buhun masara ya ƙara a kasuwar Dawanau saboda wannan kawai?

Lambobin da zan kawo na ƙaddarawa ne, don a ga yadda lissafin yake tafiya. Mu ce a cikin kowace naira 100 ta kuɗin masara, naira 5 ta fetur ce da manomi ya zuba da hannunsa a injin ban ruwa ko injin casa, naira 20 kuɗin mota ne, naira 25 kuɗin taki, saura kuma na ƙwadago da hayar gona da ribar manomi da ta dillali. Wanda ya dubi abin daga sama zai ce fetur naira 5 ce kacal a ciki, ta koma 15, an samu ƙarin naira 10, don haka duk ɗan kasuwar da ya ƙara fiye da haka azzalumi ne. Amma kuɗin mota fa? Idan naira 40 cikin kowace 100 ta kuɗin mota fetur take sha, ninkawar mai sau uku za ta ɗaga kuɗin mota da kashi 80 cikin ɗari. Waccan naira 20 ta zama 36, ƙarin 16 ke nan. Shi ma taki ba da ƙafarsa yake zuwa ƙauye ba. In kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa na dako ne, zai tashi da kashi 16 cikin ɗari, naira 25 ta zama 29, ƙarin 4. Goma da sha shida da huɗu, talatin. Wanda ya ce goma ya bar kashi biyu cikin uku na gaskiyar a baya, kuma ba don wauta ba. Ido abin da ke gabansa yake gani.

Ba a nan ma gizo ke saƙar ba. Ita motar tana bukatar taya da kayan gyara, su kuma a mota ake kawo su daga Legas ko Nnewi. Wato kuɗin mota yana cikin kuɗin mota. Mu ce kashi ɗaya cikin goma ne. Tashin kashi 80 zai jawo wani tashin na 8, na 8 ya jawo na 0.8, shi ma ya jawo nasa, haka dai abin zai yi ta ƙanƙancewa ba ya ƙarewa. A nan ne x ɗin da ake tsoro take shigowa ta yi aikin alheri. Sai a ce: tashin kuɗin mota, wanda ba mu sani ba, mu kira shi x. Shi x daidai yake da 80 a tara da kashi ɗaya cikin goma na x ɗin kansa. Layi biyu na aljabara, amsa ta fito: kusan 89. Buhun kuma ya tashi da kusan naira 32 a kowace ɗari, ba 30 ba.

Wannan da abubuwa huɗu ne kawai. A ƙasa sukutum, siminti yana bukatar lantarki, lantarki yana bukatar gas, bututun gas yana bukatar ƙarfe da siminti, kowa yana saye a hannun kowa. Babu kan da zai riƙe wannan zagaye. Matiris ba wani abu ba ne illa tsara waɗannan lambobi a jadawali, kowane ɓangare da layinsa, yadda za a warware su gaba ɗaya a lokaci guda. Abin da malami ke kira juya matiris, wanda ɗalibai suke gumi a kansa da biro, shi ne tattara dukkan waɗancan zagaye marasa iyaka a dunƙule su cikin amsa ɗaya.

Mutumin da ya mayar da wannan tunani sana'a shi ne Wassily Leontief, wanda ya tashi a Rasha, ya yi karatu a Leningrad da Berlin, ya koma Amurka a 1931, ya zauna a Jami'ar Harvard. A 1941 ya fitar da littafi kan tsarin tattalin arzikin Amurka na shekarun 1919 zuwa 1929, inda ya jera wa yake sayar wa wa, kuma nawa. A 1949 yana da bayanan ɓangarori kusan 500, amma kwamfutar Harvard ta lokacin, Mark II, ba za ta iya ɗauka ba. Dole ya matse su suka koma 42, kuma duk da haka sai da na'urar ta yi awa 56 tana aiki kafin ta ba da amsa. Wayar da ke aljihun ɗan aji biyu a yau za ta gama wannan kafin ya ɗauke yatsa. An ba Leontief kyautar Nobel a 1973.

Abin da ya kamata a riƙa gaya wa ɗalibai game da shi, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne yawancin shekarunsa ba a kan warware lissafi suka tafi ba. A kan neman lambobin da za a zuba a jadawalin suka tafi: ƙarfe nawa ke shiga mota, gawayi nawa ke shiga ƙarfe. A ƙarshen 1970, lokacin yana shugaban ƙungiyar masana tattalin arzikin Amurka, ya tsaya gaban abokan aikinsa ya caccake su kan cewa suna gina lissafi mai ƙawa a kan zato, ba su damu su je su duba ko zaton ya yi daidai da abin da ke faruwa ba. Mai wannan magana ba maƙiyin lissafi ba ne, da shi ya ci abinci.

Mu koma kan buhunmu, domin akwai rami a lissafin da na yi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar lodi ya riga ya hango shi. Tirela da manyan motocin da ke jigilar hatsi da taki ba fetur suke sha ba, man gas suke sha, shi kuwa an daɗe da sakin farashinsa, kuma tun a 2022 ya yi tashin gwauron zabi. Masu shan fetur su ne a-kori-kura da ƙananan motocin da ke kwaso kaya daga ƙauye zuwa kasuwar mako, da babura, da Keke Napep. Ke nan waccan naira 40 da na sa a kuɗin mota za ta iya zama daidai daga gona zuwa kasuwar ƙauye, ta zama shirme daga Kano zuwa Legas. Aljabarar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, kuma ba za ta taɓa jan hankalinka ga wannan ba. Ka ba ta 40 ta yi maka aiki da 40, ka ba ta 4 ta yi da 4. Kamar tela ce da aka aiko wa awo a takarda: ɗinkin zai yi kyau, amma in awon na wani ne, rigar ba za ta shiga ba. Amfanin da ta yi mana shi ne ta tilasta na rubuta 40 ɗin a fili, har ɗan kamasho ya samu abin da zai nuna da yatsa ya ce ba haka ba ne. Mai sharhin da ya ce kawai "cire tallafi zai shafi talaka" bai ba kowa abin da zai kama ya gyara ba.

Kayan aiki na biyu da ɗalibi zai gamu da shi ya fi wannan daɗin labari. A 1938 wata masana'antar katako a Leningrad ta kawo wa wani matashin malamin lissafi, Leonid Kantorovich, matsalarta: ga injuna iri-iri, ga katako iri-iri, yaya za a raba aikin a samu mafi yawan kaya? A Amurka kuma George Stigler ya tambaya a 1945: cikin nau'in abinci 77, wane haɗi ne mafi araha da zai ba mutum sinadarai tara da jikinsa ke bukata? Ya yi ta gwadawa da hannu har ya samu haɗin da zai ci dala 39.93 a shekara, a farashin 1939: garin alkama, madarar gwangwani, kabeji, alayyafo da busasshen wake. Allah ya kiyashe mu da shekara guda a kan wannan. Da George Dantzig ya fito da hanyarsa ta warware irin wannan matsala a 1947, aka gwada ta a kan tambayar Stigler. Akawu tara da injunan lissafi na tebur suka yi aikin da ya kai kwana 120 na mutum ɗaya, amsa ta fito dala 39.69. Yau da wannan hanya masu haɗa abincin kaji suke yanke shawarar masara nawa, waken suya nawa, dusa nawa za su zuba idan farashi ya motsa.

Wannan lissafi yana ba da wani abu a kan amsar da aka nema. Yana nuna maka, cikin duk abubuwan da kake da ƙarancinsu, wanne ne ya shaƙe ka, da kuma ribar da za ka ƙara in aka ƙara maka ɗan kaɗan daga cikinsa. Wani lokaci abin da kake kuka da rashinsa ba shi ne ya ɗaure ka ba.

A ƙasar Zazzau aka ga haka ƙarara. Shekara da shekaru malaman gona suna gaya wa manoma su daina cakuɗa shuka, su ware gonar dawa daban, ta gero daban, ta gyaɗa daban, domin a filin gwaji na Samaru an auna an ga kowane iri ya fi ba da amfani in shi kaɗai ne a gona. Manoma su ce to, malam ya juya baya su ci gaba da abin da suka gada. Aka yi ta kiran wannan taurin kai da jahilci. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da ke aiki a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya ɗauki ƙauyuka uku, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. Aka auna gonaki, aka sa masu ɗaukar bayani suna bin gidaje a kai a kai shekara guda, suna rubuta wa ya yi aiki, a wace gona, awa nawa, me aka girbe.

Da aka tattara, sai ga shi mafi yawan filin da ake nomawa cakuɗe ne, gero da dawa a kan gaba. Gaskiya ne dawar da ke cikin gero ba ta kai wadda ke ita kaɗai yawa ba, amma in aka haɗa kuɗin duk abin da gonar ta bayar, cakuɗen ya fi. Ya kuma fi tabbas daga shekara zuwa shekara, don in ruwa ya yaudari wannan, wancan zai tsira, ga gero yana nuna da wuri ya tarbi gida lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Babban abin dai shi ne, a yawancin gidajen ba fili ne ya yi ƙaranci ba. Hannu ne, kuma a watanni biyu: Yuni da Yuli, lokacin noman firi da maimai, sa'ad da ciyawa ba ta jiran kowa kuma kowa yana gonarsa. Manomin da ya shuka iri biyu ko uku a kunya ɗaya, fartanya ɗaya yake kaiwa ya nome su duka. Malamin gona yana lissafin buhu nawa a eka, manomi yana lissafin buhu nawa a wunin Yuli. Dukkansu lissafin neman mafi riba suke yi, amma manomin ne ya san abin da ya ɗaure shi. Haka batun auduga: ana cewa a shuka da wuri, manoma suna jinkirtawa sai sun gama da hatsi, domin ba a tuƙa tuwo da auduga.

Ina ganin da za a fara darasin nan da labarin Ɗan Mahawayi kafin a zana layuka a allo, da rabin tsoron ya tafi, musamman ga ɗaliban da suka yi noman firi da hannunsu. Sun riga sun san matsalar, haruffa kawai ake sa mata.

A matakin ƙasa ma ciwon lissafi a kan zato ɗaya ne, sai dai ya fi tsada. Wolfgang Stolper ƙwararre ne a ka'ida, sunansa yana haɗe da na Paul Samuelson a wata sananniyar ƙa'idar cinikin ƙasa da ƙasa ta 1941 da ɗalibai ke haddacewa har yau. Shi ne ya jagoranci sashen tsare-tsare a Legas daga 1960 zuwa 1962, lokacin da ake rubuta Shirin Raya Ƙasa na Farko na 1962 zuwa 1968, wanda madatsar Kainji ke cikin manyan ayyukansa. Shirin ya sa burin bunƙasar kashi 4 cikin ɗari a shekara, kuma ya dogara da cewa rabin kuɗin daga waje zai zo. Littafin da Stolper ya rubuta a 1966 kan abin da ya gani, Planning Without Facts, kukan rashin tabbatattun alƙaluma ne tun daga bangonsa. Ko yawan mutanen da ake yi wa shirin ba a daidaita a kai ba: an soke ƙidayar 1962, ta 1963 kuma ta bar baya da ƙura.

Bayan rabin ƙarni, a watan Afrilun 2014, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a ƙarƙashin Yemi Kale ta sauya shekarar da take auna tattalin arziki da ita daga 1990 zuwa 2010. Ma'aunin GDP na 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa 510, Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu a dare ɗaya. Ba wanda ya wayi gari da ƙarin kwabo a aljihu. Tsohon awon ne yake kallon ƙasar kamar har yanzu 1990 ake, lokacin da babu wayar salula a hannun jama'a kuma harkar fim ba ta zama abin lissafi ba. Gana ta yi irin wannan gyara a 2010, nata ya tashi da kusan kashi 60 cikin ɗari. Duk wanda ya yi lissafin nauyin bashi ko yawan haraji a kan tsohon adadin Najeriya, ya yi ne a kan kusan rabin ƙasa.

Nan ne nake da ƙorafi kan yadda ake rufe karatun. A aji huɗu ɗalibi zai rubuta furojet. Abin da aka saba shi ne ya sauko da alƙaluman shekara talatin ko arba'in daga kundin Babban Banki ko shafin Bankin Duniya, ya zuba a EViews, ko ya biya wani a shagon kwamfuta ya zuba masa, sakamako ya fito da taurari a gefen lambobi, a rubuta cewa kaza yana da tasiri mai ƙarfi a kan bunƙasar tattalin arziki. Alhali tun 1926 Udny Yule ya nuna cewa a Ingila, daga 1866 zuwa 1911, yawan mace-mace da kason auren da ake ɗaurawa a cocin gwamnati suna sauka tare kamar an ɗaure su da igiya, ba don ɗaya ya jawo ɗaya ba, sai don duka biyun suna gangarowa da zamani. Wasu masana biyu, Granger da Newbold, sun sake jan kunne kan wannan a 1974. Akwai gwaje-gwajen da ake koyarwa don kauce wa wannan tarko, kuma ɗalibai suna yin su, tun da maɓalli ne ake dannawa.

Abin da babu maɓallinsa shi ne tambayar daga ina lambar ta fito. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya an yi ta a 2006, ta ba da mutum miliyan 140. Duk adadin da ke cikin jadawali daga 2007 zuwa yau ƙiyasi ne, wani ya zauna ya ɗora kaso a kan na bara. Ɗalibin da ya sa yawan jama'a a lissafinsa na waɗannan shekaru, ya ga ya yi daidai da wani abu, ƙa'idar da aka yi ƙiyasin da ita ya gano, ba halin 'yan Najeriya ba. Ƙidayar gonaki da manoma da aka yi a 2022 kuwa, rabon da a yi irinta tun farkon shekarun 1990, don haka alƙaluman hatsi na shekarun da ke tsakani su ma akwai ƙiyasi mai yawa a cikinsu. Da ni ke zaune a teburin kare furojet, ba zan fara da tambayar wane gwaji aka yi ba. Zan ɗora yatsa a kan lamba ɗaya a shafin ƙarshe, ta masarar 2004 misali, na ce wa ɗalibin ya gaya mini wa ya auna ta, kuma da me.